Inda Mayen Ƙarfe Ya Ƙi Kamawa

Akwati ɗaya na kayan sawa.

Gwangwani biyu na man goge fenti.

Sabuwar robar ƙofa, a naɗe.

Gilashin fitilar baya, cuse cikin safa don kada ya fashe.

Agogon hannu na maza, a kwalinsa.

Mayen ƙarfe ɗan ƙarami, na cikin tsohuwar rediyon Baba.

Iyakar abin da Auta ta dawo da shi ke nan daga kwas ɗin da asibitinsu ya tura ta, wanda ya cinye mata fiye da rabin shekara a wata ƙasa mai sanyi. Akwatin yana but ɗin tasi. Sauran suna kan cinyarta, ta rungume su kamar jariri.

"Hajiya, ga kwanar unguwar da kika faɗa," in ji mai tasi.

"Wuce. Bayan kasuwar kayan gyara za ka kai ni."

Ya leƙo ta ta madubi.

"Daga filin jirgi sai gareji? Maigidan makanike ne?"

"Bai zama maigida ba tukuna. Kuma ba makanike ba ne."

"To me za ki gano a can da ya fi ruwan wanka da gado?"

"Mota."

"Allah ya sawwaƙe," ya ce a hankali, kamar mai gaishe da marar lafiya.

Wayarta ta yi ƙara. Umma ce.

"Auta, kin sauka?"

"Na sauka, Umma."

"To kina ina? Yayanki tun ɗazu yake sintiri a bakin ƙofa."

"Zan ɗan biya in ga Dattijuwa..."

"Dattijuwa, ko mai ajiyar Dattijuwa?"

"Kai, Umma!"

"Ni dai na haifi 'ya, ƙarfe ya ƙwace min. Ki gaishe min da su duka biyun."

Dattijuwa mota ce. Ta girmi Auta, ta girmi Yaya, ta riga Umma shiga gidan. Koriya ce mai duhu, mai dogon hanci, fitilunta zagaye kamar idon mai mamaki. Baba likitan dabbobi ne, bai taɓa koyon gyaran mota wurin kowa ba, amma duk safiyar Asabar sai ya turo ta inuwa, ya wanke, ya goge, ya kwanta ƙarƙashinta yana yi mata magana. Fentin da ta fito da shi daga kamfani shi ne a jikinta har yau. Baba bai yarda inji ya taɓa shi ba. Da hannu ake gogewa, a miƙe, ba a zagaye ba.

Aibu ɗaya gare ta. A ƙofar direba, ƙasa da mariƙi, akwai wata 'yar lotsawa kamar an danna babban yatsa a ƙullu. Auta ce ta yi ta da kan keke tana ƙarama. Ranar ƙarƙashin gado ta ɓuya. Baba ya jawo ta da ƙafa, ya kai ta gaban ƙofar, ya tsuguna yana dariya.

"Wannan sa hannun Auta ne," ya ce. "Ba mai gyara min shi."

Tun daga nan, in zai yi goge, a cikin lotsawar yake manna mayen ƙarfensa ya rataye tsumma, don kada tsumman ya faɗi ƙasa ya kwashi yashi. Da ya rasu, Yaya ya ce a sayar. Umma ta ce ita dai a ɗauke ta daga gaban idonta. Auta kuwa ta ɗauki sifana.

A kasuwar kayan gyara ta haɗu da Injiniya. Hannunsu ya sauka kan tsohon madubi ɗaya a lokaci guda, kowa ya ƙi saki. Gadoji yake ginawa ranakun aiki, ranakun hutu kuma yana cikin garejinsa da tsofaffin motoci. Yana jin ƙarar inji zai faɗa miki abin da ke damun kafireto. Fenti kuwa, in ya haɗa launi, sai a rasa inda tsohon ya ƙare da inda sabon ya fara.

Gida ba su so shi ba.

"Mutumin da in ya zo sai ya fara gaishe da mota kafin ya gaishe ki?" in ji Yaya.

"Komai nasa sheƙi yake," in ji Umma. "Takalmi sheƙi, magana sheƙi. Ni irin wannan tsoro yake ba ni."

Auta ta kafe. Ta daina dariya a gidan, ta daina cin abinci da su, har suka gaji aka sa rana. Sai ga kwas ya faɗo. Rufin garejin Baba yana yoyo, don haka ta kai Dattijuwa wurin Injiniya, ta sa masa mukulli a tafin hannu ta rufe da nata.

"Ka riƙa tayar da injin tana tsaye. Kada ta taka titi sai na dawo."

"Ko ƙuda ba zai sauka a kanta ba, Direbata."

Zirga-zirgar biki kuwa, kati da wurin taro da sauransu, ta damƙa wa ɗiyar ƙanwar Umma, wadda kowa ke kira Guntuwa saboda tsayinta. Tare suka tashi. Rabin takalman da Guntuwa ta sa a duniya na Auta ne.

"Ki riƙa taimaka masa," Auta ta ce mata a lokacin. "Shi in ba ƙarfe ba, bai san komai ba."

*

Injiniya yana tsaye gaban teburin aiki lokacin da Auta ta turo ƙofar garejin. Sukudireba ta suɓuce daga hannunsa.

"Direbata!"

"Na'am, Injiniya."

"Ba... ba gida za ki fara zuwa ba?"

"Ka so in koma?"

"Wa? Ni? Hasken idona, ai da na sani da na share wurin nan da harshena! Dubi yadda kika rame. Ba sa ba ku abinci a can?"

"Suna ba mu. Ba ka can ne."

Ya dafe ƙirji kamar an harbe shi, ta yi dariya. Ta yi kewar wannan fuskar. Ta yi kewar warin man inji da na fenti da ke bin rigarsa. A daren sanyin can, wannan garejin take rufe ido ta gani.

"Ina take?"

"Au, har kin gama da ni?"

"Kai ka iya magana, ka faɗa min lafiyarka a waya. Ita fa?"

Ya je ƙuryar garejin, ya kama bakin mayafin ya yaye.

Auta ta tsaya cak.

Dattijuwa tana ɗaukar ido. Ƙarafunan gabanta fes, tayoyinta baƙi wuluk, gilashinta kamar babu. Ta zagaya ta a hankali tana shafa ta da bayan yatsu. Ga 'yar lotsawar nan a ƙasan mariƙi, inda ta bar ta.

"Sannu, tsohuwa," ta ce ƙasa-ƙasa. "Na dawo."

"Kin ga amana ko?"

"Na gani. Allah ya saka maka."

Ta ajiye kayan hannunta kan tebur, ta buɗe gwangwani ɗaya. Ƙamshin man ya tashi.

"Yanzu? Ko ruwa ba ki sha ba!"

"Bonet kawai. Tun a kanti nake ɗokin in ga yadda zai hau ta."

Ta zaro tsumma mai laushi daga jaka, ta zaro mayen ƙarfen Baba. Tare da ita ya yi tafiyar, a ƙarƙashin matashin kanta ya yi ta kwana. Ba ta ko duba ba, hannunta ya san hanya. Ta ɗora tsumman a kan lotsawar ta danna mayen ƙarfen a kai.

Ya faɗi ƙasa.

Ya gangara ƙarƙashin motar, tsumman ya bi shi.

Ta durƙusa ta lalubo shi, ta hure ƙurar. Ta sake mannawa, ba tsumma wannan karon.

Ya sake faɗuwa.

Ta kai shi ƙofar baya. Ƙas! Ya kama. Ta kai shi bonet, ya kama. Ta dawo da shi ƙofar direba tana jansa a hankali daga sama zuwa ƙasa. Kusa da gilashi ya riƙe. Daga mariƙi zuwa ƙasa kuwa, kamar a jikin katako take sa shi.

Ba sai an faɗa mata ba. Injiniya da kansa ya koya mata, a kasuwa, ranar da wani ya so ya sayar musu da motar da ta taɓa yin haɗari. In an cike rami da ƙullun nan da masu fenti ke kira fila, ido ba ya gani, amma mayen ƙarfe ba ya kama shi.

"Injiniya."

"Na'am, zumata."

"Me ya sami ƙofar nan?"

"Wace ƙofa?"

Ta juyo ta dube shi. Bai iya riƙe idonta ba.

"Babur ne," ya ce da sauri. "Sau ɗaya na fito da ita, wallahi sau ɗaya, in gwada birki. Wani mai babur ya goge ta ya gudu. Ban so in tayar miki da hankali kina karatu ba."

"Sai ka cike."

"Na gyara. Dubi launin, Direbata, dubi! Kwana da kwanaki ina haɗa shi. Har dusashewar rana sai da na sa masa."

"Na ga launi. Lotsawar fa?"

Ya sunkuya ya ɗauki sukudirebar da ta faɗi.

"In ka cike ƙofar daga nan zuwa nan, tawa ta tafi. Wannan ta waye?"

"Ina da hotunanta..."

"Ta waye?"

"Ni na sassaƙa ta. Da samfefa a naɗe a yatsa. Na san abin da take nufi a wurinki, shi ya sa."

Ta kalli 'yar lotsawar. Girmanta daidai. Zurfinta daidai. Ɗazu-ɗazu ta shafa ta, ta gaishe ta.

Ta buɗe ƙofar ta shiga ta zauna.

Gwiwoyinta suka bugi sitiyari.

Kujerar Baba ba ta motsi. Tsatsa ta kama ƙarfen da take gudu a kai tun Auta ba ta san kanta ba, ta tsaya daidai tsayin Baba. Auta doguwa ce kamar ubanta, don haka ba ta taɓa buƙatar taɓa ta ba. Injiniya ya sha cewa bari ya warware ta, tana hana shi.

Ta sa hannu ƙarƙashin kujerar. Yatsunta suka fito da sabon giris.

"Kai ka fi ni tsayi," ta ce.

"Auta..."

"Mai babur ɗin ne ya shigo ya matso da kujerar gaba?"

Kafin ya buɗe baki, mukulli ya yi motsi a ƙaramar ƙofar gefe. Ba a ƙwanƙwasa ba. Ƙofar ta buɗe, ƙamshin turare ya riga mai shi shigowa, sannan ƙwas-ƙwas ɗin takalmi mai tsini.

Guntuwa ce.

"Lah! Yaya Auta! Oyoyo! Ashe nan kika sauka?"

Auta ba ta fito daga motar ba. Mukullin da ke hannun Guntuwa take kallo.

"Me kika zo yi?" in ji Injiniya.

"Takalmina na zo ɗauka." Ta wuce shi, ta buɗe ƙaramin kabad ɗin da ke ƙarƙashin tebur ba tare da ta nema ba, ta ciro wasu takalma marasa tsini. "Ba kai ka ce ba a taka kuloci da mai tsini ba?"

"Ki fita."

"Yau kuma? To."

"Tsaya," in ji Auta. "Ke kika tuƙa ta?"

Guntuwa ta kalli Injiniya, ta kalli ƙofar motar, ta rufe baki da hannu. Idonta kuwa ko ɗigon tsoro babu.

"Wayyo, ta gane? Ka ce min ba za ta gane ba!"

"Ki yi shiru!"

"Yaya Auta, ki yafe min. Hoto kawai na ce zan ɗauka a jikinta, ranar da muka je karɓo kati. Shi ya ce hoto a tsaye ba ya kyau. Daga nan sai koyon tuƙi. Duk Asabar. Na fa iya sosai, ranar ce kawai tsautsayi ya sa na goge ta da ginshiƙin shiga wurin shan iskar nan na bakin ruwa."

Bakin ruwa.

A can ya fara ce wa Auta yana sonta, suna zaune kan bonet ɗin Dattijuwa, hannuwansu duk baƙin mai.

"Na yi ta kuka," Guntuwa ta ci gaba. "Sai ya ce, share hawayenki, Direbata..."

"Wallahi da wasa na faɗa!"

"...ya ce in ya gama da ƙofar nan, ko Baba ne ya dawo duniya ba zai gane ba."

Wani famfo yana ɗiga a can baya.

"Ka faɗi haka?" in ji Auta.

"Ba yadda take nufi ba..."

"Ka faɗa?"

Ya sunkuyar da kai.

Auta ta kama ƙarfen ƙarƙashin kujerar ta tura ta baya. Ta tafi sumul, ba ko ƙara. Ta wuce. Ta jawo ta gaba, ta yi kusa. Ta sake turawa. Nan ne? Ko gaba kaɗan? Shekara da shekaru tana zama a wurin, ba ta taɓa sanin ramin da kujerar take ciki ba, domin ba ta taɓa zaton za a fitar da ita ba.

A nan ne idonta ya kawo ruwa. Ta ƙifta shi ya koma.

"Sa min akwatina a baya," ta ce. "Da sauran kayan."

"Masoyiyata, ki saurare ni. Ba abin da ya shiga tsakanina da yarinyar nan. Kaɗaici ne kawai, da surutu, da..."

"Akwatina."

Ya ɗauko ya sa. Ta ja cok, ta ɗan taɓa totur, ta murɗa mukulli. Dattijuwa ta yi tari, ta kama.

"Yaya Auta, ko ki rage min hanya?" in ji Guntuwa.

"Ai kin iya tuƙi. Ya ba ki ɗaya daga cikin nasa."

*

Yaya ne ya buɗe mata babbar ƙofar gida. Yana ganin fuskarta murmushinsa ya tsaya a rabi.

"Wa ya mutu?"

"Ba kowa. Ga tsarabarka."

Ta miƙa masa kwalin agogon ta taga. Ya buɗe, ya rufe, ya sake buɗewa.

"Auta, ni na san matsayina. Ni tsarabata ba ta wuce safa da hula. Wannan ba nawa aka saya ba."

"Yanzu naka ne."

Ta shigar da motar garejin Baba. An gyara rufin, amma komai yana inda yake: benci, gwangwanayen ƙusoshi, kujerar roba mai karyayyar ƙafa. A nan Umma ta same ta. A tsaye Auta ta ba su labari, gajere, kamar tana karanta sakamakon gwajin jini.

"Shi ya sa!" Umma ta tafa hannu. "Guntuwa tana zaune kusa da ni lokacin da na kira ki. Tana jin kin ce gareji, ta suri jaka, wai ta manta wani abu."

"Ba ta manta komai ba," in ji Yaya. "Zuwa ta yi a gan ta. Bari in je in same shi, in gwada nawa aikin bodin a jikinsa."

"Zauna!" Umma ta daka masa tsawa. Ta juya ga Auta, muryarta ta sauka. "'Yar nan, ki ji ni. Ni ce na fara cewa ban yarda da shi ba, ko ba ni ba ce?"

"Ke ce."

"To ni ce kuma nake ce miki ki yi haƙuri. An raba kati. Dangin ubanki na nesa sun shirya tafiya. In kika fasa, me zan ce? In ce ɗiyar ƙanwata ce? Gida biyu za ki rushe a kan ƙofar mota?"

"Ba a kan ƙofa ba ne, Umma."

"Namiji ne, ya yi wauta, ya ji kunya. Ita kuma zan ci mata mutunci a ɗaki, ba wanda zai ji. A rufe maganar nan, a shafe ta. Nan da shekara ke kanki ba za ki gane wurin ba."

"Haka shi ma ya yi wa ƙofar."

Umma ta juya. Ta dubi motar, abin da ta daɗe ba ta yi ba. Idonta ya sauka ƙasan mariƙin.

"Ina tsaye a taga ranar da kika buga ta," ta ce a hankali. "Na ce masa ya zane ki. Ya ƙi."

Aka yi sallama a waje. Yaya ya leƙa.

"Ga mai sheƙin nan. In shigo da shi ko in fitar da shi?"

"Bar shi ya zo bakin ƙofa," in ji Auta.

Injiniya ya tsaya a bakin garejin. Takalminsa ya yi ƙura, wuyan rigarsa ya jiƙe. Ya gaishe da Umma har ƙasa, ta kawar da kai. Auta ba ta taɓa ganinsa a hargitse haka ba, kuma abin haushi, zuciyarta sai da ta motsa.

"Na karɓe mukullina daga hannunta," ya ce. "Na goge lambarta a gabanta. Auta, ke kaɗai ce. Tun ranar madubin nan ke kaɗai ce. Ki hukunta ni yadda kika so, amma kada ki bar ni."

"Watannin nan duk, kullum muna waya."

"Na sani."

"Kullum sai na tambaye ka ita. Me kake ce min?"

"...Tana nan yadda kika bar ta."

"Da ka ce min ka fita da ita, da na yi fushi na huce. Da ka ce Guntuwa ta buga ta, da na yi kuka na huce. Wataƙila har koyon tuƙin Asabar ɗin nan da na haɗiye, ban sani ba. Amma ka zauna, ka buɗe hoto, ka naɗe samfefa a yatsa. Kana yi kana dubawa ko ta yi kama. Ka tsaya kana kallona ina shafa ta ina gaishe ta."

"Don kada ki ji ciwo na yi!"

"Don kada a kama ka."

Ya matso taku ɗaya, idonsa ya kawo haske irin na mai sabuwar dabara.

"Ji nan, rabin raina. Na riga na yi waya. Akwai wani dattijo da ke da irinta a bayan gari, shekararsu ɗaya, launinsu ɗaya, injinta ya mutu. Zan sayo ƙofar, ƙarfe zalla, ba fila ko kaɗan. In na ɗaura ta, na daidaita fentin, na buga lotsawar da guduma ta ciki... wallahi ko mayen ƙarfen zai kama! Ba wanda zai taɓa ganewa!"

Yaya ya saki wata 'yar dariya ta hanci.

Auta ta daɗe tana kallonsa. Da gaske yake. Iyakar abin da ya iya ke nan, kuma ya iya shi ƙwarai.

"Har yanzu ba ka ji ba," ta ce.

Ta je bencin Baba ta ɗauko ƙarfen kankare fenti. Ta durƙusa gaban ƙofar direba, ta kafa bakinsa a tsakiyar lotsawar, ta danna da ƙarfinta.

"Auta, kar ki...! Aikin sati nawa ne wannan!"

Koren fentin ya tsage. Fila ta ɓalle, fara fat kamar alli, tana zuba a ƙasa gutsure-gutsure. Ta ci gaba da kankara. Gumi ya keto mata, gyalenta ya zame, ba ta tsaya ba sai da ƙarfen ya bayyana: a yamutse, da sawun guduma, da dogon karcen ginshiƙi daga mariƙi har ƙasa. Sa hannun Auta babu shi. Ya tafi tun ranar.

Muni dai, ya yi muni.

Ta ciro mayen ƙarfen Baba daga aljihu ta kai shi wurin.

Ƙas!

Ta ɗauki tsumma mai tsabta ta rataye.

"Yaya, gobe ka rako ni in sayo man hana tsatsa. Marar launi."

"Haka za ki riƙa yawo da ita a gari?" in ji Umma.

"Haka."

"Mutane za su tambaya."

"Sai in faɗa musu."

Umma ta ja dogon numfashi. Ta gyara mayafinta, ta zo ta wuce ta gaban Injiniya kamar ba kowa a wurin.

"In kin gama ki shigo ki ci abinci," ta ce. "Kati kuwa, ni na raba, ni zan bi in karɓo."

Yaya ya bi bayanta yana ɗaura agogo.

Saura su biyu. Shi a waje, ita a ciki, Dattijuwa a bayanta.

"Direbata..."

"Kada ka sake kirana haka."

"To me zan yi? Faɗa min abin da zan gyara!"

"Babu."

Ta kama ƙofar garejin da hannu biyu. Tsohuwar ƙofa ce mai nauyi, sai an ɗan ɗaga ta take tafiya. Ya sa hannu zai taya ta, ta dube shi, ya janye.

Ta ja ta har ƙarshe, ta zura sakata.

"Auta!" ya kira daga waje. "Ranar fa? Ranarmu fa?"

Ta jingina goshinta da ƙofar. Ƙarfen da sanyi.

"Ka je, Injiniya," ta ce. "Ba zan aure ka ba."